Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Jan Kunne Ga Masu Aikin Jiyya Da Ke Shirin Tafiya Ingila

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya shiga wani babban asibiti a ƙasar nan, ya ɗan zauna da ma'aikatan jiyya, bai ji labarin wadda ta tafi, ko wadda ke haɗa takardu, ko wadda ke jiran biza ba. A watan Fabrairu na 2024, Magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jiyya da Ungozoma ta Nijeriya, Dakta Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jiyya fiye da 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a shekarar 2023 kaɗai. Da yawansu Ingila suka nufa, kuma a cikinsu akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu na nan Arewa.

Ba za mu ɓoye ba, mu dai da so samu ne da sun zauna, domin duk macen da ta taɓa kwana a ɗakin haihuwa ta san yadda ungozoma ɗaya ke zirga-zirga tsakanin gadaje goma. Wannan magana ce da za mu ci gaba da yi da hukumomin da suka bar albashi da kayan aiki suka lalace. Amma wadda ta riga ta yanke shawara, iyaye suka sa albarka, maigida ya yarda, hakkinta ne a kanmu mu gaya mata gaskiya. Gaskiyar kuwa ita ce, akwai tambaya guda da yawancin masu tafiya ke barinta sai ƙarshe, alhali da ita ya kamata a fara. Tambayar ita ce, a wane gari zan zauna, kuma a wace unguwa?

Akan shafe shekara guda ko fiye ana fama da jarrabawar Turanci, da jarrabawar kwamfuta, da tantance takardu, har idan asibitin farko ya amsa sai murna ta hana a duba taswira. To, 'yar'uwa, ki sani ranar da kika sa hannu a takardar ɗaukar aiki, a ranar kika zaɓi gari. Bizar ma'aikatan lafiya, wadda Birtaniya ta ɓullo da ita a shekarar 2020, ɗaure take da asibitin da ya ɗauke ki. In kika bar shi, sai kin sami wani ya tsaya miki an sake takarda, kuma galibi kwana 60 ake ba mutum ya yi haka. Waɗansu asibitocin ma sukan rubuta a yarjejeniya cewa wadda ta tashi kafin shekara biyu ko uku za ta mayar da wani kaso na kuɗin jirgi da na jarrabawa da aka kashe mata. Saboda haka canja gari ba kamar tashi daga Fagge a koma Gwammaja ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko da muke so ki auna shi ne abin da zai rage a hannunki bayan an biya haya. Hukumar lafiya ta ƙasar, wadda ake kira NHS, tana biyan albashi ne bisa mataki, kuma sabuwar ma'aikaciyar jiyya a mataki na biyar take farawa, ko da ta yi shekara goma tana aiki a gida. A watan Afrilu na 2025 farkon wannan mataki ya kama fam 31,049 a shekara a Ingila. In aka cire haraji, da kuɗin inshorar ƙasa, da na fansho, abin da zai shigo hannu bai cika fam 2,000 a wata ba. Wannan albashi kuwa ɗaya ne, ko a Manchesta kike ko a wani ƙaramin gari na bakin teku. Landan da kewayenta ne kawai ake yi wa ƙari saboda tsadar rayuwa: kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar birni, kashi 15 a unguwannin waje, kashi 5 a garuruwan gefe.

Wannan ƙari shi ke ruɗar mutane. Kashi 20 ɗin nan, in aka raba shi wata-wata, kamar fam 500 ne kafin a cire haraji. To, bari mu dubi haya. Alƙaluman ofishin ƙididdiga na ƙasar na shekarar 2025 sun nuna cewa matsakaicin kuɗin hayar gida a Landan ya haura fam 2,200 a wata, alhali a yankin Arewa maso Gabashin Ingila, inda Newcastle da Sunderland suke, bai kai fam 800 ba. Watau an ba ki ƙarin ɗari biyar da hannun dama, an karɓe fiye da dubu da hannun hagu. Shi ya sa za ki tarar da ma'aikaciyar jiyya a Landan tana hayar ɗaki guda a cikin gidan da mutum biyar ke tarayya a kicin da makewayi, ita kuwa abokiyar karatunta da ke wani gari a arewa tana da gida mai ɗaki biyu, har tana iya tura wa iyaye wani abu a ƙarshen wata.

Kuma haya ba ita kaɗai ba ce. Akwai harajin gunduma, wanda mai haya ke biya kowane wata, sai dai akan rage kashi 25 cikin ɗari ga baligin da ke zaune shi kaɗai. Akwai kuɗin ruwa, da lantarki, da gas na ɗumama ɗaki, wanda yakan yi tsalle daga watan Nuwamba zuwa Maris. Akwai kuɗin mota. Bugu da ƙari, kafin ki ci jarrabawar gwajin aiki da hannu, wadda suke kira OSCE, a ba ki lambar rajista, a mataki na ƙasa za a riƙa biyanki. Saboda haka muna ba ki shawara ki bar lissafa fam da naira. Ki ɗauki takarda da alƙalami, ki rubuta abin da zai shigo a gefe guda, abin da zai fita a ɗaya gefen, duka da fam, ga kowane gari da aka yi miki tayi. Abin da ya rage a ƙasan takardar shi ne albashinki na gaskiya.

Abu na biyu shi ne hanyar da za ki bi zuwa aiki. Cikakken aiki awa 37 da rabi ne a mako, kuma a yawancin ɗakunan marasa lafiya akan yi shi ne a dogon zama na awa 12 ko fiye, daga wajen ƙarfe bakwai na safe zuwa bakwai da rabi ko takwas na dare, haka kuma na kwana. A ƙarshen watan Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai bayan ƙarfe takwas na safe, ta kuma faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma. A Aberdeen da ke arewacin Scotland kuwa, kafin uku da rabi ta faɗi. Ke nan za ki fita cikin duhu, ki komo cikin duhu, ga sanyi, ga yayyafi, ga ƙafafu sun kumbura don tsayuwa. A irin wannan hali, gidan da aka ce yana da arha amma sai an hau mota biyu kafin a isa asibiti, ba shi da arha ko kaɗan.

Kada ki tsaya kan abin da dillali ya ce wai minti ashirin ne. Ki nemi lambar unguwar gidan da ta asibitin, ki sa a taswirar da ke cikin wayarki, ki duba ƙarfe nawa motar farko ke tashi ranar Lahadi, da ƙarfe nawa ta ƙarshe ke wucewa. A ƙananan garuruwa da yawa motocin Lahadi ba sa fara aiki da wuri, ranar Kirsimeti kuma kusan ko'ina babu bas babu jirgin ƙasa, har a Landan, alhali marasa lafiya suna nan kwance suna jiranki. Mai tunanin sayen mota ta sani lasin tuƙi na Nijeriya wata 12 kawai yake aiki a can, daga nan sai ta sake jarrabawar tuƙi irin tasu. Har ila yau ki tambaya a rubuce, a wane asibiti ne za a ajiye ki, domin hukuma ɗaya takan riƙe asibitoci da dama. Alal misali, hukumar asibitocin koyarwa ta Birmingham ita ke da Queen Elizabeth, da Heartlands, da Good Hope, da na Solihull, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Wadda ta kama gida kusa da ɗaya aka kai ta ɗayan, ta ɗaura wa kanta wahalar shekara guda.

Abu na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne mutane. Iyayenmu sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Mu mata da muka saba da gidan yawa, da shiga maƙwabta a ɗebo wuta, da biki da suna, ba mu san nauyin kaɗaici ba sai mun ɗanɗana shi. A can mutum yana iya shekara bai san sunan na ɗakin kusa da shi ba. Ki tambayi kanki, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, wa zai ƙwanƙwasa mini ƙofa? Ranar da aka bugo waya daga gida aka ce an yi rashi, wa zai zo ya zauna da ni? Ranar Salla, da wa zan ci tuwo?

A nan garuruwan sun sha bamban ƙwarai. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3 da dubu 900 a Ingila da Wales, amma ba a warwatse suke daidai wa daida ba. A Birmingham da Bradford kusan mutum uku cikin kowane goma Musulmi ne, a Manchesta da Leicester sun haura biyu cikin goma. A irin waɗannan birane masallaci, da naman halal, da makarantar allo ta yamma ga yara, duk a kusa suke, kuma mai lulluɓi ba abin kallo ba ce. A yankuna irin su Cornwall da Cumbria kuwa Musulmi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami mahauci. Ƙidayar nan ta kuma nuna mutum wajen 270,000 haifaffun Nijeriya, kuma unguwar Peckham a kudancin Landan ta yi suna wajen kasuwar kayan abincinmu, ga kuma masallacin 'yan Nijeriya a titin Old Kent Road. 'Yan'uwanmu Kirista su ma su bincika ko akwai cocin da za su ji sun saki jiki a cikinta.

Ba muna cewa kowa ta ruga babban birni ba ne. Ƙananan garuruwa suna da nasu alheri, ga arhar gida, ga natsuwa, wani lokaci ma asibitocinsu sun fi riƙe baƙi da kyau saboda suna bukatarsu. Abin da muke cewa shi ne ki san halin da za ki shiga tun kafin ki shiga. Ki roƙi asibitin ya haɗa ki da wata 'yar Afirka da ke aiki a wurin, ki yi mata tambayoyin da ba a yi wa shugaba: yaya mutanen garin suke da baƙar fata, wace unguwa ce ba a bi da dare, ina ake sayen shinkafa da manja. Ba don mu tsorata kowa ba, amma ba mu manta da tarzomar ƙarshen Yuli da farkon Agusta na 2024 ba, wadda ta fara daga Southport ta bazu zuwa Sunderland, da Middlesbrough, da Rotherham, aka far wa masallatai da masaukan baƙi, har Ma'aikatar Harkokin Wajen Nijeriya ta gargaɗi 'yan ƙasarta. Abin ya lafa, an kuma hukunta masu laifi da yawa, amma darasinsa shi ne a tsakanin unguwa da unguwa akwai bambanci, kuma na ciki ne ya san shi.

Ga mai iyali kuwa, lissafin ya ninka. Tun daga watan Maris na 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, amma wannan hani bai shafi ma'aikaciyar jiyya mai rajista ba, tana iya zuwa da maigida da yara, shi ma maigidan yana da izinin aiki. To, amma wane aiki zai samu a garin? Namijin da ya saba fita kasuwa ko ofis, in aka zaunar da shi a gari marar masana'anta ba abin yi sai kallon bango, zaman gidan ba zai yi daɗi ba, kuma an sha ganin aure ya girgiza a kan haka. Makarantar gwamnati kyauta ce ga yara, sai dai yawanci adireshin gida ne ke nuna wadda yaro zai samu, don haka zaɓen unguwa zaɓen makaranta ne. Gidan renon yara ƙanana yana da tsada ainun, bizar nan kuma ba ta ba mutum damar karɓar yawancin tallafin gwamnati ba. Babu kaka, babu ƙanwa, babu 'yar aiki. Wadda ta kulle ƙananan yara su kaɗai ta tafi aikin kwana, ta sani laifi ne a dokarsu in hakan ya jefa su cikin haɗari, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a ba sa wasa da wannan.

Saboda haka shawararmu ga mai yara ita ce, in da hali, ta fara yin gaba ita kaɗai. Asibitoci da yawa sukan ba sababbin zuwa masauki na wata ɗaya zuwa uku, kuma ana so a zauna jarrabawar gwajin aikin cikin mako 12 na farko. Ki karɓi masaukin nan ko da ƙarami ne, ki mai da hankali ga jarrabawa, ranakun hutu kuma ki taka unguwannin da ƙafarki, da rana da kuma bayan magariba. Gani ya kori ji. Idan kin sami rajista, albashi ya daidaita, kin kama gida, sa'an nan iyali su biyo. Mun san rabuwa da yaro ko na wata uku ne abu ne mai ciwo ga uwa, amma ya fi a kwashe su gaba ɗaya a cusa su ɗaki guda cikin hunturu.

Wajen kama gidan ma akwai inda za ki yi hattara. Kada ki tura wa kowa ko sisin kwabo daga nan gida a kan ɗakin da kika gani a hoto, ko da mai tallar ya yi miki Hausa, domin macuta sun san sababbin zuwa a matse suke. A Ingila dokar 2019 ta ƙayyade cewa kafin alƙalami ba zai wuce hayar mako ɗaya ba, kuɗin ajiya kuma ba zai wuce hayar mako biyar ba a gidaje irin waɗanda muke magana a kansu. Haka kuma tilas mai gida ya sa kuɗin ajiyar a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ki shaida. Tun da ke baƙuwa ce, ba ki da tarihin biyan haya a ƙasar, za a iya neman wanda zai tsaya miki, to takardar shaida daga asibitinki takan taimaka. In kin je duba gida, ki dubi kusurwoyi da bayan labule ko akwai danshi da fumfuna, ki kunna na'urar ɗumama ɗaki ki ji tana aiki, ki karanta yarjejeniya tun daga farko har ƙarshe kafin ki sa hannu.

Akwai kuma wani abu da ya kamata kowa ya sani. Nijeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, tare da Nijar, da Ghana, da Kamaru, da Chadi. Dalili ke nan ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitoci da dillalansu zuwa farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe, amma ta bar ƙofa ga wadda ta nemi aikin da kanta kai tsaye. Don haka duk wanda ya zo miki da cewa shi wakili ne, ki ba shi miliyan kaza ya samo miki aiki da gida, ki yi nesa da shi. Neman aiki da kanki yana da wata fa'ida kuma, domin ke ce za ki zaɓi garuruwan da za ki aika wa takarda, maimakon a jefa ki inda aka ga dama.

Muna kira ga iyaye da mazaje da su sa baki a wannan shawara da hankali, su bar tambayar nawa za a riƙa turowa, su fara da tambayar ina za ta kwana, da wa za ta zauna. Kada a matsa wa yarinya ta zaɓi Landan don kawai a ce 'yar wane tana Landan. Wanda ya hangi Dala daga nesa bai shiga birni ba tukuna, kuma sunan gari ba ya biyan haya. Muna kuma kira ga yayyenmu da suka riga suka tafi da su riƙa faɗin gaskiya in an tambaye su, har da wahalar, domin hoton da ake ɗauka a bakin gadar Landan ranar hutu ba ya nuna tashar bas ta ƙarfe shida na asuba.

Ke kuma 'yar'uwa, kafin ki sa hannu, ki yi istihara, ki yi shawara, ki ajiye takardar lissafinki a gabanki. Garin da zai bar miki abin ajiyewa, ya kai ki aiki ba tare da wahala ba, ya kuma ba ki wanda zai yi miki sannu, shi ne garinki, ko da ba wanda ya taɓa jin sunansa a unguwarku. Kuma duk inda kika sauka, kada ki manta akwai ɗakin haihuwa a garinku da ke jiran ilmin da za ki ƙaro.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari, Ya kuma gyara mana asibitocinmu yadda 'ya'yanmu za su zauna a gida da daɗin rai, amin.